Maƙalar da Ta Dawo Gida

Gathoni ta yi shekaru tana rubuta abin da ba ta taɓa gani da idonta ba. Daga ɗan ɗakinta na saman bene a unguwar Roysambu ta Nairobi, inda ihun 'yan kamasho ke shigowa ta taga tun asuba, ta koya wa mutanen Amurka yadda ake kankare ƙanƙara daga ƙofar gareji, da irin abincin da ya dace da kare mai ciwon suga, da dabarun rage tumbi kafin lokacin zuwa bakin teku. Ita kuwa ko kare ba ta taɓa ajiyewa ba, tumbin ma ba ta da shi.

Sana'ar ba ta da wuyar ganewa. Akwai wani dillali can ƙetare da ba ta san fuskarsa ba, sai sunan da yake sa hannu da shi, Mista Dale. Shi zai turo mata kalmomin da mutane ke yawan nema a intanet, ita ta gina maƙala a kansu, ya biya ta, a rabu. Shi kuma ya haɗa maƙalolin dami-dami, ya sayar wa duk mai shafin intanet da ke son injin bincike ya ɗago shi sama, baƙi su riƙa shigo masa. Wanda ya sayi dami yana da ikon ya ɗora sunansa a kai, ya sauya abin da ya ga dama, ya ce shi ya rubuta, ba mai tuhumarsa. Dami ɗaya sai ɗaruruwan mutane su saye shi. Marubutan Roysambu suna kiran irin waɗannan maƙaloli marayu, don kowa ya ɗauka sai ya raɗa musu sunan gidansu.

Gathoni ba ta taɓa kewar marayunta ba. Tana tura su take mantawa da su. Guda ɗaya ce kawai ta tsaya mata a rai.

Lokacin da ciwon mantuwa ya kama mahaifiyarsu, wadda suke kira Maitu, Gathoni ce ta naɗe kwamfutarta ta koma ƙauyensu kusa da Mukurweini. Wanta Gachanja yana Mombasa a lokacin, yana aikin fitar da kaya a tashar jiragen ruwa. Yakan turo kuɗi ta waya, ya zo Kirsimeti da buhun shinkafa, ya kwana biyu, ya ce zafin teku ya saba da jikinsa, sanyin nan yana sa shi tari. Sauran kwanakin shekara na Gathoni ne: kunun gero a cokali, wanki, wanka, da bin tsohuwa cikin gonar kofi duk ranar da ta tashi da niyyar zuwa makarantar da ta bari tun tana yarinya. Kusan shekara biyu ana haka.

Ana cikin wannan hali Mista Dale ya turo aiki a kan kula da iyaye tsofaffi. Sauran maƙalolin damin ta harhaɗa su yadda ta saba, daga karance-karance. Ta ƙarshen kuwa ta rubuta ta ne da rana tsaka a bakin gadon Maitu, tsohuwar tana barci baki buɗe, kuma ba ta duba komai ba sai abin da ke gabanta. Da ta gama ta yi mata kwalliyar kasuwa. Maitu ta koma wata Margaret a Ohio, kunun gero ya koma miyar gwangwani, ruwan sama a kan kwanon rufi ya koma ƙanƙara a jikin taga. Ba ta taɓa maganar makullin da tsohuwar ke ɓoyewa cikin gwangwanin suga ba, don ko'ina akwai suga. Ta bar maganar cokali ma yadda take, cewa uwar ta manta sunan 'yarta amma ba ta karɓar abinci a hannun kowa sai nata. Ta rubuta kuma cewa duk lokacin wanka tsohuwar tana rera wata waƙa, amma ba ta faɗi wace waƙa ba, don Baturen da zai karanta bai san ta ba. Abin da aka biya ta bai wuce kuɗin buhun gawayi ba, gawayin kuwa ta saya.

Da Maitu ta rasu, takardar da aka raba a wurin jana'iza ta yi godiya ga 'ya'yanta baki ɗaya saboda kulawar da suka ba ta. Gathoni ta karanta wannan layi a bakin kabari, abin ya yi mata ciwo, kuma ba ta iya ɓoyewa ba. Ƙanwar Maitu, Tata Wamaitha, wadda shinge kawai ya raba gidanta da nasu, ta ja ta gefe a ranar ta ce, "Share hawayenki, 'yata. In shekara ta zagayo, ranar buɗe gicciyen kabarinta, ni zan tashi gaban dangi in kira sunanki. Abin da idona ya gani bakina zai faɗa."

Wannan alkawari shi Gathoni ta riƙe ta koma Nairobi. Ba gona take so ba, ba kason kofi ba. So take a faɗa sau ɗaya, da ƙarfi, gaban mutanen da suka san Maitu, cewa ita ta yi jinyar.

Saura 'yan makonni a cika shekara a buɗe gicciyen, wata rana tana cin gurasar capati da wake a rumfar mai abinci tare da Apondi, maƙwabciyarta kuma abokiyar sana'a, sai wayarta ta fara ƙara ba ƙaƙƙautawa. Zauren hirar dangi na waya ne ya rikice. Wata 'yar kawunsu ta turo wani shafi, kowa yana jera hotunan hawaye da hannuwan addu'a. Gachanja ya baro Mombasa ya buɗe kamfanin tura masu jinya gidajen tsofaffi, wannan kowa ya sani. Abin da ba a sani ba shi ne ashe ya iya rubutu. Ga hotonsa da taye a sama, ga kan magana a ƙasa: Abin da na koya a bakin gadon mahaifiyata.

Ta karanta layin farko, ta ajiye capatin.

"Ke, lafiya? Ko dutse kika tauna a waken?" in ji Apondi.

Gathoni ta miƙa mata wayar. Apondi ta karanta tana tauna, a hankali taunar ta ragu. "Kai, wanki ya iya zuba magana. Har ya sa ni jin wani iri. Ashe masu taye ma suna da zuciya."

"Marainiyata ce."

"Wace marainiya?"

"Ni na rubuta ta, Apondi. Na sayar wa Dale. Shi kuma wannan ya saye ta a dami."

Apondi ta sake duban wayar, ta dubi ƙawarta, sai ta fashe da dariya har mai abinci ta waiwayo. "Tabɗi! Ta je Amurka ta yi yawon duniya ta dawo gidan ubanta! Yi haƙuri, ba ke nake yi wa dariya ba. To amma ina Amurkar take? Ni kunu nake gani a nan."

Abin da ya fi ɗaure wa Gathoni kai ke nan. Duk mai sayen dami ya san ƙa'ida: in ka liƙa maƙala yadda ka saye ta, injin bincike zai ga irinta a wasu shafuka barkatai ya wuce ka. Dole ka sauya wani abu, ka sa mata ƙamshin garinku. Gachanja ya bi ƙa'idar sau da ƙafa. Ya ga miyar gwangwani ya ce wa ke shan wannan a nan, ya mayar da ita kunun gero. Ya ga ƙanƙara ya mayar da ita ruwan sama a kan kwano. Ya goge Margaret ya rubuta Maitu. Duk kwalliyar da Gathoni ta yi don ta ɓoye gidansu, shi ya bi ya wanke ta tas, bai san gidansu yake tonowa ba. Wuri biyu kaɗai ya kauce wa gaskiya. Inda aka ce 'ya, ya sa ɗa. Inda aka yi maganar wanka, ya mayar da shi wankin ƙafa.

"To me kike jira?" in ji Apondi. "Rubuta musu a zauren yanzu. Ki ce jama'a, a rage kuka, mai kayan ta zo."

"In ce musu me? Na zauna gefen uwata tana barci na rubuta yadda take ɓata zane, na sayar wa Bature?"

"Ai sana'a ce."

"Ke kika san sana'a ce. Tata Wamaitha ba ta sani ba."

Apondi ta ja farantin Gathoni gabanta, tunda dai ba ci za ta yi ba. "To je ki same shi. Wanki ne, ba Dale ba. Shi aƙalla yana da fuska."

Ofishin Gachanja yana unguwar Ngara a nan Nairobi, ɗaki ɗaya a bayan wani kantin magani, da kujeru na roba da hoton wata tsohuwa Baturiya tana murmushi a keken guragu. Ya tarbe ta baki har kunne, ya aika a kawo shayi, bai ma bari ta zauna da kyau ba ya juyo mata da fuskar kwamfutarsa.

"Zo ki gani, 'yar Turai. Rubuta mai jinyar tsofaffi a Nairobi. Rubuta mana. Kin gani? Shafin farko! Da can ina shafi na nawa ma? Ko ni da kaina sai na gaji da nema kafin in samu kaina. Yanzu waya ba ta hutawa. Jiya wata mata ta kira daga Landan, ta ce ta karanta ta yi kuka, ba ta yarda da kowa ya taɓa ubanta ba sai mutanena."

"Yaya, ina ka samo maƙalar nan?"

Ya rage murya, duk da ba kowa a ɗakin. "Ke ai 'yar gida ce a harkar. Dami na saya, da lasisinsa da komai, halal ɗina ne. Sauran duk shara ne, yadda ake zaɓar sandar dogarawa da su kaza-kaza, ba mai karantawa. Wannan ɗayar ce ta biya kuɗin damin. Ni kuma na yi mata aiki, kar ki raina. Yini guda na yi a kanta."

"Mutane sun ɗauka kai ka yi jinyar Maitu."

"Ni na ce musu haka? Talla ce, Gathoni. Wanda ke hoton sabulu shi ya dafa sabulun? Kuma in za a bi gaskiya, geron kunun nan wa ya saya?"

"Makullin fa? Na cikin gwangwanin suga."

"Wannan haka na same shi. Ya burge ni na bar shi."

"Maitu ma a nan take ɓoye nata."

Gachanja ya buɗe ido, ya tafa hannu. "Ki rantse! Kin gani ko? Ashe tsofaffin duniya duk uwa ɗaya ta haife su. Shi ya sa abin ke taɓa mutane."

Maganar tana kan harshenta. Ta riga ta shirya ta tun cikin mota, gajera ce, ba ta fi numfashi ɗaya ba. Ta buɗe baki, shi kuma ya riga ta.

"Amma fa Turawa ba su da kunya. Da kin ga asalin rubutun, da kin toshe ido. Matar nan har wankan uwarta ta zayyana, yadda take ɗaga ta, yadda take goge ta in ta yi ɓarna. Uwar da ta haife ki! Ki tuɓe ta ki kai kasuwa kowa ya saya. Wace irin 'ya ce wannan? Ni duk na cire, na bar wankin ƙafa kawai. Mu ba a haife mu haka ba."

Aka kawo shayin. Gathoni ta riƙe kofin da hannu biyu, ta sha duk da yana ƙona mata harshe. Kunya ce ta rufe ta, irin wadda ba ta ji ba ranar da ta tura maƙalar, kuma ta ji haushin kanta da ta bari wannan mutum, wanda bai taɓa ɗaga Maitu daga tabarma ba, ya sa ta jin kunyar. Ta ajiye kofin ta miƙe.

"Af, na manta," in ji shi yana rakiyarta bakin ƙofa. "Fasto ya ce in karanta ta ranar buɗe gicciye. An fassara ta ma da yarenmu don tsofaffi su ji. Ki zo da wuri, ke kika san inda tukwanen Maitu suke."

A hanyar komawa Roysambu ta lallashi kanta. To ya karanta ɗin. Takarda ce kawai. Tata Wamaitha ta gan ta da idonta tana shanya zannuwa kowace safiya, ta gan ta tana goye da tsohuwa daga gonar kofi. Ba a sayar da wannan a dami ba.

Ranar ta zo da rana mai kyau. An kafa rumfa a tsakar gida, an jera kujerun roba da aka aro daga coci. Kabarin yana ƙasan gona kusa da bishiyar fiya, an lulluɓe sabon gicciyen da farin ƙyalle. Gathoni tun safe tana bayan madafi tare da mata, ana tuƙa dankali da masara da ganyen kabewa, ana dafa shayi a babbar tukunya. Da fasto ya yi addu'a aka yaye ƙyallen, aka tafa, aka dawo rumfa, ita ta tsaya daga baya da butar shayi a hannu, inda take ganin kowa.

Gachanja ya tashi da takardarsa. A ba shi haƙƙinsa, ya iya karatu. Ya san inda zai dakata, ya san inda zai cire tabarau ya goge. Da ya zo kan kunun gero, matan ƙungiyar coci suka fara gyaɗa kai. Da ya zo kan cokali, cewa ta manta sunansa amma ba ta karɓar abinci a hannun kowa sai nasa, wata ta ce "Wayyo" da ƙarfi. Muryarsa ta karye a nan, kuma Gathoni ta lura ba da gangan ya yi ba. Kuka yake yi na gaske, a kan abin da bai gani ba.

Ita kuwa Gathoni, Tata Wamaitha take kallo. Tsohuwar tana zaune a gaba da ɗankwalin ƙungiya, hannu a kan sanda, fuska ba yabo ba fallasa. Haka ta zauna har aka zo kan makullin da ke cikin gwangwanin suga. A nan ta ɗago kai. Ta dubi Gachanja kamar yau ta fara ganinsa, ta sa gefen ɗankwali ta share ido.

Ya kai ƙarshe, inda yake wanke wa uwar ƙafa tana rera waƙarta. Ya naɗe takarda. Kafin a tafa, Tata Wamaitha ta ɗaga sanda.

"Ɗana, wace waƙa ce? Rera mana ita mu ji muryar 'yar'uwata."

Gachanja ya buɗe takardar ya duba, kamar waƙar za ta tsiro a ciki. Ya yi gyaran murya. Ya dubi fasto, fasto ya yi masa murmushin ƙarfafa gwiwa. Sai idonsa ya tsallake kawunan mutane ya sauka a kan ƙanwarsa.

Gathoni ta san waƙar, ba ta da abin da ta sani kamarta. Ba waƙar coci ba ce. Maitu, wadda ta yi rabin rayuwarta tana jagorantar matan ƙungiya, da ciwo ya kwashe mata komai abin da ya bar mata shi ne wata waƙar 'yan mata ta wurin rawa, a kan wani kwandastan bas mai wushirya da ke rage wa kyawawa kuɗin mota. Sai an rufe ƙofa, ruwan ɗumi ya taɓa bayanta, take rera ta, tana kaɗa kafaɗa, wani lokaci har ta kashe wa Gathoni ido ɗaya. A waɗannan mintoci ne kawai jinyar ba ta da nauyi. In ta rera ta yanzu, kowa zai san wa ke cikin ɗakin. Zai kuma zama ta ɗauko Maitu daga bayan ƙofa ta tsayar da ita gaban fasto tana kaɗa kafaɗa. Daga nan tambaya za ta biyo, yadda aka yi abin da ya faru a ɗaki a rufe ya je hannun Turawa. Ta sauke ido kan butar shayi.

Wani jariri ya fara kuka. Tata Wamaitha ce ta kawo ɗauki. "Ku bar shi, kuka ya toshe masa maƙogwaro. Ni na san wadda yake nufi." Ta ɗauko wata tsohuwar waƙar coci da ake rerawa a kowace jana'iza, rumfa ta amsa gaba ɗaya, Gachanja ya bi su da ƙarfi fiye da kowa.

Da aka gama Tata Wamaitha ta miƙe. Ta dogara sandarta ta juyo ta fuskanci dangi. Gathoni ta ajiye butar a ƙasa, ta goge hannu a zane.

"Na yi alkawari zan yi magana yau," in ji Tata Wamaitha. "Kuma sai da na zo nan na gane ban san komai ba. Ni da nake shinge ɗaya da gidan nan, na sha cewa a raina yaron nan ya yar da uwarsa. Na faɗa wa wasunku ma, Allah ya yafe mini. Ashe yana zuwa muna gona, ya yi abin da zai yi ya tafi, bai nemi a gan shi ba. Ku gaya mini, wa zai san inda 'yar'uwata ke ɓoye makulli in ba wanda ya zauna da ita ba? Ni kaina sai da na yi wata ina nema. Gachanja, ka yi abin da 'ya'ya maza ba sa yi. Ubangiji ya ba ka masu yi maka." Ta ɗan dakata ta nemi Gathoni da ido har ta same ta can baya. "Da ƙanwarsa Gathoni, ga ta can, wadda ta taimaka masa ƙwarai. Ita ma a tafa mata."

Aka tafa mata. Wata mata da ke kusa ta dafa kafaɗarta, ta ce ko akwai sauran shayi mai zafi.

Bayan an ci an watse, Gathoni tana tsugune a bayan madafi tana wanke kofuna a babban baho, sai ga Gachanja ya zo yana ɗage ƙafar wando kada ruwan wanke-wanke ya taɓa shi. Ya tsaya a kanta.

"Kin ga yadda tsohuwar nan ta kusa kashe ni? Gumi har cikin takalmi." Ya yi dariya, ita ba ta taya shi ba. "Maganar da ta yi kuma, kar ki sa a ranki. Tsufa ne. Kowa ya san kin yi ƙoƙari."

Ta ɗauraye kofi ta kife.

"Gathoni, tsakanina da ke. Maitu tana waƙa da gaske? In ana mata... in kina mata abubuwan nan?"

"Tana yi."

"Kai! Kin ga abin mamaki ko? Kamar Baturiyar nan a gidanmu ta zauna." Ya ciro waya daga aljihu. "Wace waƙa ce? Masu karatu suna ta tambaya a ƙasan shafin. Kuma an ce injin ya fi son abin da babu shi a ko'ina sai wurinka. In na ƙara wannan, ba mai sauko da ni daga shafin farko."

Gathoni ta ɗago ta dube shi. Ba mugu ba ne, ta san haka, kuma sanin bai rage mata komai ba. Yatsansa yana kan wayar yana jira.

"Wadda Tata ta rera ce," in ji ta.

"Ai na faɗa a raina! Maitu da coci." Ya rubuta, ya karanta abin da ya rubuta yana motsa leɓe, ya mayar da wayar aljihu. "In kin gama ki zo in rage miki hanya, motar da wuri."

Ya tafi. Ruwan bahon da sauran ɗuminsa, ta zuba wasu kofunan a ciki. Waƙar kwandastan ta taso mata har maƙogwaro, kafaɗarta ma ta fara motsi da kanta. Sai ta hangi 'yar kawun nan tasu tana zagayowa da waya a ɗage, tana ɗaukar bidiyon masu aiki don ta tura zauren dangi. Gathoni ta rufe bakinta, ta ci gaba da wanke kofuna har matar ta wuce.